Yadda Ake Koyon Kiɗan Bach Mai Murya Biyu a Piyano

A shekarar 1723, shahararren mai tsara kiɗa Johann Sebastian Bach ya kammala gajerun kaɗe-kaɗe guda 15 masu murya biyu, wato kowane hannu da nasa layin kiɗan, a garin Köthen na ƙasar Jamus, waɗanda tun asali ya rubuta wa ɗansa Wilhelm Friedemann domin darasi. Malamai sukan fara da na farkonsu, mai gaɓoɓi 22 (gaɓa ita ce ɗan yankin kiɗa da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a rubuce), wanda wuyarsa ita ce hannun hagu ba ɗan rakiya ba ne, domin abin da dama ya faɗa shi hagu yake maimaitawa da kakkaurar murya tun kafin gaɓar farko ta ƙare.

Saboda haka ɗalibi ya raba hannuwan, kuma ya fara da na hagu, tunda shi ne aka fi yi wa sakaci. Kafin ya taɓa madannai, ya ɗauki fensir ya rubuta lambar yatsa a kan kowane wuri mai sarƙaƙiya, 1 ga babban yatsa har zuwa 5 ga ƙaramin, sannan ya tsaya a kan abin da ya rubuta. Yatsan da yake sauya wuri kullum ba ya haddace komai, kuma a ganina a nan ne yawancin tuntuɓe yake samo tushe, ko da yake ɗalibai sun fi ɗora laifin a kan rashin sauri.

Daga nan sai a kunna metronom, wato na'urar da ke buga ƙidayar lokaci, a sa shi a hankali ƙwarai yadda kuskure ba zai samu ƙofa ba, kada a ƙara masa gudu sai gaɓar ta fita tsaf sau da yawa a jere. Kafaɗa ta sauka, wuyan hannu ya saki, gwiwar hannu ta yi daidai da madannai. A bar feda, wato abin takawa da ƙafa da ke tsawaita sauti, tukuna.

Kafin a haɗa hannuwan, ɗalibi ya kaɗa murya ɗaya yana rera ɗayar da baki, domin kunnensa ya saba da bin biyun a lokaci guda. Idan an zo haɗawa, a ɗauki gaɓa biyu kawai tare da sautin farko na ta uku, don kada mahaɗar ta tsinke. Malami kuwa ya riƙa zaɓar gaɓa daga tsakiya ya ce a tashi daga nan, saboda ɗalibin da ya saba komawa farko duk sanda ya yi kuskure zai iya farkon kiɗan ne kaɗai.