Yadda Za Ka Ajiye Lissafin Ruwan Sama da Zafi a Unguwarka a Legas

Mazauna Agege da Idi-Araba da 'yan kasuwar Mile 12 sun daɗe suna kokawa cewa dare ya ƙara zafi, ruwa kuma yana shiga shagunan da a da ba ya kaiwa. Dalilai biyu ne suka haɗu, wato ɗumamar duniya baki ɗaya, wadda ta sa 2024 ta zama shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa, da kuma yadda siminti da kwalta suka cinye fadamun da ke shanye ruwa. Mutum ba zai san wanne ya fi damun unguwarsa ba sai ya ajiye lissafi a rubuce.

Ka fara da ma'aunin ruwan sama. Ka samu gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ka kafa shi a fili nesa da indararo da bishiya, sannan kowace safiya a lokaci guda, misali bayan an fito sallar asuba gari ya waye, ka tsoma rula ka rubuta zurfin ruwan da milimita kafin ka zubar. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, saboda haka ruwa mai milimita 50 a kan rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana zubo lita 5,000. Idan tsakar gidan duk an dabe ta da siminti, wannan ruwan ba shi da wurin zuwa sai kwatar bakin titi, gidan maƙwabci ma haka yake turo nasa.

Ma'aunin zafi kuwa a rataye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kada ya jingina da bango ko ya kusanci janareta. A ganina awon asuba ya fi na rana amfani, domin gine-gine suna tara zafin rana su sake shi da dare, kuma a nan ne tasirin cunkoson birni ya fi fitowa fili.

Abu na uku shi ne alamar ambaliya. Duk ranar da ruwa ya taru, ka ja layi da fenti a jikin bango inda ya tsaya, ka rubuta kwanan wata. Idan bayan wasu shekaru ka ga ruwa mai milimita 50 yana hawa sama da inda yake tsayawa a da, to ka duba magudanar da ta toshe da robobi, ko sabon ginin da ya tare hanyar ruwa. Waɗanda ke kusa da kogin Ogun, kamar Mile 12 da Isheri, su riƙa rubuta ranakun da aka saki ruwa daga madatsar Oyan, wadda ruwanta ke gangarowa cikin kogin Ogun, domin kogin na iya tumbatsa ko da ba a yi ruwa a unguwar ba.

Damina a Legas hawa biyu ce: babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ɗan sararawa a Agusta, sai ƙaramar a Satumba da Oktoba. Ka kwatanta Yuni da Yunin bara, kada ka gwama shi da wani wata. Kada kuma ka yanke hukunci da shekara biyu ko uku, domin masana suna amfani da matsakaicin shekara 30 kafin su ce yanayi ya sauya. Shi ya sa ya fi kyau littafin ya zauna a hannun kwamitin masallaci ko ƙungiyar 'yan kasuwa, don kada ya ɓace idan mai rubutawa ya koma gida Arewa. A farkon kowace shekara hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina, sai a liƙa shi a shafin farko a riƙa gwada shi da abin da gwangwanin ya nuna, kuma a ɗauki littafin a tafi da shi duk lokacin da za a kai kukan gyaran magudana ga ƙaramar hukuma.