Yadda Ake Koya wa 'Yan Ƙaramar Sakandare Aljabara da Jometiri Ba Tare da "Ta Tsallake" Ba

Duk zangon da aka turo mana ɗaliban NCE koyon koyarwa, nakan zauna a bencin baya in ga yadda za su fara aljabara da 'yan aji ɗaya. Hanyarsu ɗaya ce: a rubuta x + 5 = 12 a allo, a ce "biyar ta tsallake, alama ta canza", yara su amsa baki ɗaya, a ba da aikin gida. Ranar kowa zai ci. Bayan mako biyu, da an kai 3x = 12, sai ka ga rabin aji sun rubuta x = 12 − 3, wai amsa 9. Abin da aka koya musu suka yi. Ni ma a nan na faɗi shekarata ta farko, sai da na sake komawa tushe da yaran a aji biyu. Shirin darasi da tsare aji an koya maka a kwaleji, ba zan tsaya kansu ba.

Mataki na farko: gwada su da alamar daidai. Kafin su ga harafi ko ɗaya, rubuta 8 + 4 = __ + 5, kowa ya cike a takardarsa. Za ka ga 12 da yawa, ka ga 17, masu rubuta 7 kaɗan ne. A firamare sun saba alamar tana nufin "ga amsa nan tafe". Kai kuma so kake su gan ta a matsayin sikeli: abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da na dama. Hangar rataye kaya da gwangwanin madara biyu, ɗaya a kowane gefe, sun ishe ka. Ka zuba murafen kwalba, su gani da idonsu yadda take karkata.

Mataki na biyu: harafi adadi ne, ba kaya ba ne. Kada ka taɓa cewa "a ayaba ce, l lemo ne, shi ya sa ba a haɗa su". Da sauƙin faɗi, amma gaba za ka biya. Ranar da ka ce b kuɗin biro ɗaya ne, yaro zai karanta 3b a matsayin biro uku, alhali kuɗin biro uku ake nufi. Ka ɗauki kwalin ashana a rufe, ka girgiza, ka tambaye su tsinke nawa ne a ciki. Ba su sani ba, amma sun san adadi ne. Wannan adadin shi ne x.

Mataki na uku: warware ikweshan, wato gano adadin da harafi ke wakilta a lissafi mai alamar daidai. Nan ne aikin yake, kuma ni mako uku nake ba shi ko da tsarin zango ya ce ɗaya. Ja layi da alli a tsakiyar tebur. A hagu ka ajiye kwalin ashana biyu, kowanne ka ɓoye tsinke huɗu a ciki, da tsinke uku a waje. A dama tsinke goma sha ɗaya. Kira yarinya ɗaya ka ce ta gano abin da ke cikin kwali ba tare da ta buɗe ba, bisa sharaɗi guda: duk abin da ta yi wa hagu ta yi wa dama. Ka yi shiru. Wannan shirun shi ne ke gagarar sababbin malamai. Za ta kwashe uku nan, uku can, ta raba takwas ɗin da suka rage gida biyu. Sai ta gama sannan ka rubuta abin da hannunta ya yi:

2x + 3 = 11
2x + 3 − 3 = 11 − 3
2x = 8
x = 4

Layi na biyu dole ne. A ajina wanda ya tsallake shi ba ya samun maki ko da amsarsa daidai ce. Iyaye sun yi ƙorafi littafi na saurin cika, na ce su yi haƙuri. Kalmar "tsallake" kuwa na hana ta sai aji biyu, lokacin da yaro da kansa zai lura cewa gajeriyar hanya ce ta abin da ya daɗe yana yi. Kuma kowace amsa a mayar da ita cikin tambaya: biyu sau huɗu takwas, a ƙara uku, goma sha ɗaya. Yaron da ya saba da wannan ba zai miƙa maka 9 a 3x = 12 ba, don zai ga 27 ta fito.

Daga nan ka sa kwalaye a ɓangarorin biyu, kamar 3x + 2 = x + 10. Bar su su yi bayani da Hausa tukuna, sannan a rubuta da Turanci tunda da shi za su zauna jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. In wani ya raina bayanin baki, ka gaya masa Alkawarizmi, masanin lissafin da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, da jimloli ya yi lissafinsa kaf, babu x babu y, kuma babban sashe na littafin kan wasiyya da rabon gado ne. Daga kalmarsa al-jabr aka samo aljabara, kalmar da Larabawa ke amfani da ita har wa ɗorin karaya.

Ashana tana da iyaka: ba ta iya x + 7 = 3. Nan sai ka koma bashi, wanda ake binsa huɗu yana kan −4. Amma kada ka ja misalin bashi zuwa −1 × −2, zai kulle ka. Jera musu 3 × −2, 2 × −2, 1 × −2, 0 × −2, su ga amsa tana hawa da biyu-biyu, su faɗi ta gaba da kansu.

Mataki na huɗu: jometiri, a fita waje. Kowa ya yanko alwatika daga tsohon kwali, ya yage kusurwoyin uku ya jera su gefe da gefe. Layi miƙaƙƙe zai fito, digiri 180, komai siffar alwatikar. Ka samo igiya ka raba ta gaɓa goma sha biyu daidai da ƙulli, yara uku su ja ta 3, 4, 5. Kusurwar digiri 90 ce za ta fito, yadda magina ke fitar da kwanar gini, kuma ka share hanyar darasin ƙa'idar Fitagoras, wadda ke bayanin tsawon gefunan irin wannan alwatika. Don raba kewaye da girman fili, tambaye su wanne za su zaɓa, fili ƙafa 50 da 100 ko 75 da 75. Katangar duka biyun ƙafa 300 ce, amma girman ɗaya murabba'in ƙafa 5,000 ne, ɗaya kuma 5,625. Da'ira kuma, su auna kewayen murfin tukunya da zare su raba da faɗinsa, uku da 'yan kai za su samu, sannan ka ambaci 22/7. Kada ka jira kowa ya sayi akwatin kayan lissafi. Kamfas mai araha kwana biyu yake sakin jiki, zare da fensir da ƙusa sun fi shi zana da'ira.