Kurakuran masu son gyara ƙwayar gadon malam-buɗe-littafi don nazarin agogon jiki

Na gaji da ganin ɗalibai a nan Kaduna suna kawo tsarin bincike cike da CRISPR, wato dabarar yanka da gyara ƙwayar gado, alhali ba su iya tsare ɗaki guda cikin duhu ba.

Haske ne babbar matsala. Ana gane agogon jikin malam-buɗe-littafi, wato abin da ke tsara masa dare da rana daga ciki, ta lokacin da yake fasa kwanso ya fito, galibi da safe. Don a tabbatar agogon cikinsa ne ke aiki, ana saba masa da awa 12 na haske da 12 na duhu, sannan a bar shi cikin duhu ƙirin. Furotin ɗinsa mai suna CRY1 yana jin haske, ɗan kaɗan ma kan iya karkata agogon. Wani yaro ya taɓa leƙa mini akwatunan da nake ajiye su cikin duhu da fitilar waya tsakar dare, wai yana duba lafiyarsu. Aikin damina guda ya lalace, har yau ina jin zafinsa. Haba! In ba za ka iya kame hannunka daga waya ba, me ya kawo ka? Ni yanzu fitiluna a kan batiri da sola suke, saboda ɗauke wuta, ƙofa kuma da kwaɗo, makulli a aljihuna. Zafi da sanyi ma suna saita agogon, don haka a hunturu ina ajiye ma'aunin zafi cikin kowane akwati.

Sai gaggawar yanke hukunci. Wanda ya fito daga ƙwan da aka yi wa allurar gyaran ƙwayar gado, wasu ƙwayoyin jikinsa sun gyaru, wasu ba su gyaru ba. Sai an haɗa shi barbara, an tantance zuriyarsa. Haka Christine Merlin da Steven Reppert suka yi a Amurka a 2013, lokacin da suka kashe ƙwayar gadon cry2 suka ga tsarin fitowar ya watse.

Kada ka jinkirta allura, a yi ta ƙwan na sabo.

Kada ka kwafi jerin DNA na Danaus plexippus, malam-buɗe-littafin Amurka, ka ɗora wa namu, Danaus chrysippus, wanda tsutsarsa ke cin tumfafiya. Dangi ne, amma karanta naka tukuna.

Masu kama shi ta ƙahonninsa, wato siraran gashin nan biyu na kansa, kuwa su daina. Tun 2009 aka nuna akwai agogo a cikinsu, da shi na Amurka ke daidaita alƙibla da rana in zai yi ƙaura zuwa Meziko.