Yadda zaka daina cewa "slowly slowly" da "bad man" a Turancinka

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan na ƙannenmu ne masu shirin JAMB da WAEC da NECO, da ma waɗanda suka riga suka shiga jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua (UMYU) ko Hassan Usman Poly a Katsina amma har yanzu in abu na tafiya a hankali to "slowly slowly" ne kawai, in mutum bai da hali kuma "bad man" ko "wicked" shikenan an gama. Alhali da Hausa ba haka muke ba, ai ba wanda zai ce jariri na tafiya a hankali, cewa zakayi yana rarrafe, ɓarawo yana sanɗa, tsoho yana jan ƙafa, mashayi yana tangaɗi. Turancin ma haka yake, kowace tafiya da sunanta, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka fara da Hausarka sannan ka nemo ta Turancin ka ɗora a kai, ba ka ɗauko ƙamus ka hau hadda tun daga A ba.

To kafin ka zaɓi kalma ka fara tambayar kanka, me ya hana abin nan sauri?

In gudun kar a ji shi ne, wato sanɗa, kalmarka ita ce creep. Yaron da ya kai dare a majalisa ya dawo ya tarar Baba na zaure, ya cire takalmi ya riƙe a hannu yana tafiya saɗaf-saɗaf, wannan "he crept into the house" ne. Ka lura crept ake cewa in abin ya wuce, kar ka rubuta creeped a jarabawa. In a kan yatsun ƙafa yake takawa tiptoe ne, in kuma akwai rashin gaskiya a ciki, yasan abinda yakeyi ba daidai bane, sneak tafi dacewa. Ita sneak 'yan Amurka na cewa snuck amma kai ka tsaya a sneaked, ba malamin da zai soke maka ita.

In gajiya ce ko nauyi, nan trudge da plod suke. Wanda ya sauka a mota a Ƙofar Ƙaura da azumi a bakinshi ga rana ga buhu a kai yana tafiya tinƙis-tinƙis, trudge yakeyi. Plod kusan ɗaya suke sai dai ita akwai naci a cikinta, ba sauri ba tsayawa, shi yasa har ɗalibin da bai da kaifin kai amma kullum yana kan littafi ana ce mashi plodder, kuma ba yabo bane sosai ba zagi bane sosai. Jan ƙafa a ƙasa da silifa shuffle, ɗingishi limp, tangaɗi stagger, waɗannan ba wani dogon bayani.

In kuma ba abinda ya dame shi ne, an sha ruwa an fito shan iska bayan isha'i, stroll ne ko amble. In ya haɗa da taƙama, yana takawa ɗaiɗai yana so a ganshi da sabuwar shadda, saunter. Amma yaron da aka aika sayen magi ya tsaya kallon ƙwallo a hanya, wannan ba stroll bane, dawdle ne, nawa ce da ɓata lokaci kuma kalmar da kanta tana ɗauke da faɗa, in kace "stop dawdling" tamkar kace kai dalla ɗaga ƙafa.

Sai abinda ba mutum ba. Ranar hawan Sallah in motoci suka cushe wajen Ƙofar Soro, "the cars were crawling", ita crawl ɗin rarrafen jariri ce aka ara. In ana matsawa ɗan kaɗan a tsaya a ƙara matsawa to "inching forward" ne, daga inci ɗin nan na tef ɗin tela wanda yake santimita 2.54, kaga kalmar ta faɗi girman matsawar da kanta. Wani abu da ya kamata ka sani a nan, gosulo da muke cewa a Najeriya in hanya ta cunkushe, a Ingila go-slow ma'aikata ne suka rage saurin aiki da gangan don nuna fushi, wani nau'in yajin aiki, cunkoson mota kuwa traffic jam suke cewa. Abinda muke kira tafiyar hawainiya su kuma dodon koɗi suka ɗauka, "at a snail's pace", don haka kar ka fassara hawainiyarka ka kai masu, ba zasu gane ba. Ruwa kuma in famfo na tsiyaya siriri trickle ne, in bangon ɗaki yayi naso da damina seep, in abu mai kauri ne ke fitowa irin mugunya a gyambo ooze.

Yanzu mu koma kan creep don ita ce gadar da zata kaimu wajen mutane. Ana amfani da ita ga duk abinda ke shigowa baka ankara ba, kwanon gero yau an ƙara hamsin jibi an ƙara ɗari, "prices are creeping up". Daga wannan shigowar ta ɓoye ne aka samu "a creep", mutumin da in ya matso kusa sai kaji tsigar jikinka ta tashi. 'Yan'uwa mata ku kunfi kowa sanin irinshi, wanda zai ta bin yarinya a baya daga islamiyya har ƙofar gida bai ce komai ba, ko ya ringa turo saƙo a WhatsApp ƙarfe biyun dare bayan an ce mashi a'a, ko yayi ta ƙura ido a keke napep. Ba mugu bane irin na duka, ba ɓarawo bane, amma zama kusa dashi ba daɗi. Siffar ita ce creepy, kuma har kango da daddare ana ce mashi creepy. A Ingila creep na iya nufin mai fadanci wajen oga ma, to ka duba zancen da kyau kafin ka yanke wacce ake nufi.

Nan ma dabarar ɗaya ce, kar ka tsaya a "bai da hali", ka tambaya wane irin rashin hali. Mai cin zalin na ƙasa dashi bully. Mai raina talaka yana jin shi ɗan gidan wane ne snob. Ɗan sa ido mai shisshigi a abinda ba ruwanshi busybody, magulmaci gossip, eh kalmar ɗaya ce da gulmar da mai yinta. Mai iyayi wanda ba a taɓa kawo zancen da bai sani ba know-it-all, marowaci miser, mai naci da ba ya jin kora pest, wanda ya liƙe maka don abin hannunka leech, wato matsattsaku, mu da Hausa kaska zamu ce. Jerk kuma ta Amurka ce, zaka ji ta a fim kullum, mutum ne mara mutunci da bai damu da ya ɓata ma kowa rai ba.

Wadda nafi so duk cikinsu ita ce toady, ɗan kanzagi, ɗan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa. Asalinta toad-eater, mai cin kwaɗo. A da can a Ingila masu tallan maganin bogi a kasuwa suna yawo da yaronsu, mutane kuma sun yarda irin wannan kwaɗon dafi ne, sai yaron ya ci ko yayi kamar ya ci a gaban jama'a, maigidan ya ɗura mashi magani ya miƙe garau, kasuwa ta buɗe. Wanda zai ci kwaɗo don maigida ai ba abinda bazai yi ba. Babbar yayarta a rubutu ita ce sycophant, ita ce zaka fi gani a jarida in ana zancen 'yan siyasa da masu kewaye dasu, kuma irinta JAMB ke so a tambayoyin "nearest in meaning", inda amsar zata zama flatterer.

Sai nauyin kalma, nan ne mutane ke zamewa. Creep da jerk da know-it-all maganar majalisa ce, ba a saka su a wasiƙar neman aiki ko essay na WAEC, can sai kace rude, arrogant, dishonest, ko obnoxious in abin ya kai maƙura. Duk kalmar da ka tsinta a fim ko TikTok ka duba ta a ƙamus na Oxford na masu koyo, akwai shi kyauta a intanet, a gefenta zaka ga an rubuta informal ko disapproving ko offensive, in kaga ta ƙarshen nan ka sani kawai don ka gane in an faɗa maka, ba don ka faɗa ma wani ba. Kuma creep ɗin nan zagi ce ta gaske, ba irin "ɗan banza" da muke ma aboki ana dariya bace.

Yadda zaka zauna dasu a kai, ka samu ɗan littafi ka raba shafi biyu, hagu Hausa dama Turanci, kowace kalma ka rubuta mata jimla ɗaya da wani abu da ka gani da idonka a unguwarku, jimlar ƙamus bata zama. Ka faɗe su da baki kuma, don matsalarmu ta p da f tana nan, in baka haɗe leɓɓanka sosai ba plod zata fito kusa da flood, creep ta koma kirif, ƙamus ɗin yana da ɗan lasifika a gefen kowace kalma ka danna ka saurara ka maimaita, kalma biyar a sati ta isa.