Darasi na 9: Motar da ke taka birki da kanta, kula da ita da sanin inda ƙarfinta ya tsaya

Wannan darasi na direbobi ne da masu wankin mota da yaran gareji, har da alhaji ko hajiya da suka sayi mota wani na tuƙa musu. Malam ya fara karantawa da ƙarfi a hankali, sannan kowa ya karanta layi biyu uku da kansa, wanda bai ƙware ba tukuna ya bi da yatsa ba komai, haka kowa ya fara.

Toh jama'a, cikin motocin okaziyo, wato na hannu, da ke shigo mana Ngaundere da Garwa da Marwa a nan arewacin Kamaru ta Duwala ko ta Kwatano yanzu akwai waɗanda in ka matso kusa da motar gabanka sai kaji ƙara tit-tit-tit, jan rubutu ya fito a tablo, in baka yi komai ba motar ta taka birki da kanta. Za ka samu wannan a wasu Corolla da RAV4 da Prado da Hilux na bayan nan, amma ba duka ba fa, mota biyu iri ɗaya shekara ɗaya wata tana da shi wata babu, ya danganta da ƙasar da aka yi ta dominta. Volvo sun sa nasu tun 2008, Toyota suka fara baza nasu mai suna Toyota Safety Sense a 2015, kuma tun watan Yuli na 2024 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a Tarayyar Turai dole ta zo da wannan birki. Kunga ke nan nan da 'yan shekaru in Turawa suka gaji da motocin nan wurinmu za su zo, gara mu san abin tun yanzu.

Idon motar biyu ne a yawanci. Ɗaya kyamara ce tana manne a saman gilashin gaba daga ciki, bayan madubin tsakiya, cikin wani baƙin akwati. Ɗayan kuma rada ne yana ɓoye a hancin mota, bayan tambarin kamfani ko a ƙasa cikin parshok, wato bamba, shi yana aika igiyar rediyo ta bugi abin da ke gaba ta dawo, da haka yake sanin nisan abin da kuma saurin da kake cim masa. Kyamara ita ke gane siffa, wannan mota ce wannan mutum ne. Waɗancan ƙananan maɓallai masu zagaye da ke jikin parshok gaba da baya na fakin ne, 'yan mitoci kaɗan suke ji, kuma sai mota na tafiya a hankali. In motar ta ga za a yi karo sai ta fara da ƙara da haske, in ka taka birki ta ƙara masa ƙarfi, in baka taka ba ta taka. A motocin Toyota in ta tsayar da kai da kanta bayan kamar daƙiƙa 2 za ta saki birkin, saboda haka ka sa ƙafarka ka riƙe, kar ka zauna kana mamaki mota ta ci gaba da gangarawa.

Abin yana da amfani wallahi, ba na so wani ya fita daga ajin nan yace malam yace banza ne. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta bi lissafin haɗurra ta samu cewa motocin da ke da shi sun rage bugun mota ta baya da kusan rabi. A cikin gari, go-sulo, wurin danja, kan gadar Binuwai da yamma lokacin da kowa ke hanzarin komawa gida, nan yake ceton mutum sosai.

Amma ku ɗauke shi kamar yaron mota da ke zaune gefenka, in ya hango abu zai yi ihu har ya kai hannu, sai dai idonsa baya gani sosai da dare kuma a wata ƙasa ya tashi bai san hanyoyinmu ba. Wannan shine abin da nake so ya zauna muku a rai, domin abubuwan da suka fi kashe mutane a hanyoyinmu su ne daidai inda na'urar ta fi rauni.

Mu fara da gudu. Na Volvo na farko yana aiki ne ƙasa da kilomita 30 a awa, kuma baya hana karo gaba ɗaya sai in bambancin gudunku bai wuce 15 ba. Na Toyota na farko mai rada da kyamara, kamfanin da kansa yace yana rage kamar kilomita 40 daga gudunka in mota ce a gaba, kamar 30 in mutum ne. Ku ɗauki biro mu yi lissafi: kana 90 a hanyar Garwa zuwa Figil, kamiyo ya lalace a tsaye kan kwalta, na'ura ta yi iya ƙoƙarinta ta cire 40, saura nawa? Saura 50, kuma da 50 ɗin za ka shiga ƙarƙashin kamiyon. A gudun 90 mota na cin mita 25 duk daƙiƙa ɗaya, in ka duba waya na daƙiƙa 2 ka yi mita 50 ido rufe. Sannan in ka ninka gudu sau 2, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa yake sau 4, wannan babu na'urar da ta isa ta canza shi, kuma in tayarka ta cinye ko falaket ɗin birki ya ƙare ko kana kan yashi da tsakuwa toh da wannan tayar da wannan birkin na'urar za ta yi aiki, bata da wasu na daban. A gangaren Falez tsakanin Ngaundere da Mbe giya da haƙuri ne ke sauko da mota lafiya.

Sai dare. A 2022 IIHS ɗin nan sun samu cewa birkin ya rage buge masu tafiya a ƙasa da kashi 27 cikin 100, amma a hanyar da babu fitilun titi da dare babu wani bambanci tsakanin mai shi da marar shi. Kafin nan a 2019 ƙungiyar masu motoci ta AAA a Amurka ta gwada motoci 4 da mutum-mutumi, da dare babu wadda ta ga babban mutum, da rana kuma mutum-mutumin yaro da ya fito da gudu daga tsakanin motoci an buge shi kashi 89 cikin 100 alhali gudun kusan kilomita 32 ne kacal. Sababbin motoci sun fi waɗancan, gaskiya ne, amma mu ai na waɗancan shekarun ne ke zuwa hannunmu. Yanzu ku tuna ƙauyukan da ke bakin hanyar Marwa zuwa Mora bayan magariba, ina fitilar titi?

Akwai wani abu da ya kamata ya tsaya wa kowa a rai. Kyamara siffar mutum take nema, kai da kafaɗa da ƙafafu, kuma littafin da Toyota ke sawa cikin mota ya faɗa ƙarara cewa tana iya kasa gane wanda ya sa tufafi masu faɗi da suka ɓoye siffarsa, da wanda tsawonsa bai kai mita 1 ba, da wanda ya sunkuya ko ya tsuguna, da mai tura amalanke ko baro, da mai ɗauke da babban kaya, da mutane in sun cunkushe wuri ɗaya. Toh ku dubi titinmu, dattijo da babbar riga, mata da dogon hijabi har ƙasa, yarinya da tire a ka, mai ruwa da kurarsa, ƙananan yara sun taso daga makarantar allo, ku je kasuwar Pitowa ranar Lahadi ku ƙirga mutum nawa ne basu shiga cikin wannan jerin ba. Iyayenmu ne da 'ya'yanmu, don Allah in kun shigo cikin mutane ku sauke ƙafa daga totur kamar babu wata na'ura a motar.

Dabbobi kuwa yawancin motocin ba a koya musu su ba sam, saniya, jaki, akuya, raƙumi a hanyar Kuseri da Injamena, Volvo ne suka sa gane manyan dabbobi a wasu motocinsu tun 2016 amma Volvo nawa kuka gani a nan. Babur ma siriri ne, tsofaffin na'urori basa kama shi da kyau balle ɗan kilando, wato ɗan acaba, da ke yanko maka daga gefe ba sigina. Haka kamiyo mai dogon ƙafa, ko wanda ya ɗauko rodi ko katako ya zarce bayansa, ko wanda fitilar bayansa ta mutu. Wasu motocin suna da wata na'ura ta riƙe mota cikin layinta, ita kuma farin fenti take bi, inda fenti ya goge ko babu kwalta bata da abin bi.

Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da kamiyo ke tayarwa, ruwan Agusta mai ƙarfi, rana in ta faɗo ƙasa tana dukan gilashi da safe ko da la'asar, duk suna rufe mata ido yadda suke rufe naka. Zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 shi ma yana sa kyamara ta kashe kanta in mota ta daɗe a rana, kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, gilashin ya huce za ta dawo, kuma ku nemi inuwa, don wani abin tare rana mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a gilashi yana mayar da zafi kan kyamarar.

Yanzu kulawa, kuma yawancinta kyauta ce. Kowace safiya kafin ka tayar da mota ɗauki tsumma mai laushi da ruwa ka goge saman gilashin gaba daidai inda kyamara ke leƙowa, ka goge tambarin hanci da maɓallan parshok, in ka yi doguwar tafiya da damina ka sake dubawa don laka da matattun ƙwari suna toshe su. Banda fetur, banda tina, banda soso mai kaushi. Masu wanki, kar ku kafa bakin injin ruwa mai ƙarfi dab da waɗannan wurare, kuma in kuna goge gilashi ta ciki kar ku fesa komai kusa da baƙin akwatin, kar a taɓa idon kyamara da yatsa. Robar goge gilashi in ta bushe tana barin zane a canza ta, tankin ruwanta kar ya zauna babu komai.

Takardar asirans, wato inshora, da ta bizit, wato ta duba lafiyar mota, a manna su can gefe nesa da kyamara. Sitikar Masha Allah da baƙar leda da muke sawa a saman gilashi a duba kar su bi ta gaban idon. Babban ƙarfen nan da ake ɗaurawa a gaban Hilux da Prado don shanu, in ba wanda aka yi shi don mota mai rada bane yana iya toshe radan ko ya ruɗa shi, haka ƙarin fitilu da lamba in an ɗaura su a gabansa. Tambarin hanci na mota mai rada daban yake, sumul ne kamar an rufe shi da gilashi, in ya fashe ko an sace kar a sa na gama-gari kuma kar mai fenti ya shafa masa fenti.

Inda ake yawan yin asara ba a sani ba shine bayan gyara. An canza gilashin gaba, ko an cire parshok an mayar, ko an ɗan buga hanci, ko an ɗaga mota an ƙara mata sifirin, ko an sa taya da ta fi tata girma, duk waɗannan suna karkatar da idon, kuma karkata ta digiri 1 kawai in an kai mita 100 ta zama kusan mita 1.7, wato motar tana kallon gefen hanya ko hannun masu zuwa tana zaton gabanta ne. Wani lokacin ko fitila ba za ta kunna maka ba. Dole a sake saita shi da kwamfutar bincike da allon awo a fili shimfiɗaɗɗe daidai, ba aikin ido da guduma bane. Kafin ka ba da mota ka tambayi mai gareji kai tsaye, maigida kuna da kayan saita kyamara da rada? In yace babu ba laifi bane, ya yi nasa aikin kai kuma ka nemi inda ake yi ko da sai an je wani gari, kafin nan ka ɗauka motar bata da na'urar. Lodi ma haka, in ka danne baya da buhunan masara hancin mota ya ɗaga sama, idon ma sama yake kallo.

Wani lokaci kuma takan taka birki babu dalili, saboda farantin ƙarfe a kan hanya ko doguwar ciyawa a hanyar gona ko hawa mai tsini, shi yasa bel dole ne ga kowa har na baya. In haka ta faru kuma ka tabbata gabanka babu komai, taka totur da ƙarfi tana sakar maka. Kar wannan ya sa ka kashe ta gaba ɗaya, ana kashewa ne in za a ja motar da wata mota ko ana gwada ta a gareji. Ku sani kuma a Toyota in ka kashe VSC, wato na'urar hana mota zamewa, don fita daga yashi ko laka, birkin nan ma ya kashe tare da shi, in ka hau kwalta ka mayar.

Aikin karatu: rubutun tablo da Faransanci ko Turanci yake zuwa, amma haruffa kaɗan sun ishe ku. Ku rubuta waɗannan a littafinku sau 5, PCS, OFF, ON, VSC. PCS sunan wannan birki ne a motocin Toyota, OFF a kashe yake, ON a kunne. In kunga fitila ruwan goro mai hoton mota da alamar karo ko haruffan PCS ta zauna bata mutu ba bayan mota ta tashi, na'urar bata aiki a lokacin, ku tsaya ku goge ido biyun, ku bar gilashi ya huce, ku kashe mota ku sake tayarwa, in ta ƙi a duba batir sannan a kai gareji.

Kafin zama na gaba kowa ya samu mota ɗaya a unguwa ko a tasha, da izinin mai ita, ya duba bayan madubin tsakiya da hancinta, ya rubuto mana sunan motar da shekararta, tana da kyamara ko babu, kuma in tana da ita me ya gani a manne ko a ɗaure a gabanta.