Tafiya Legas Babu Aiki a Hannu: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Kauce Musu

Da zarar an kammala girbi, wajen Nuwamba zuwa Disamba, motocin Kudu da ke tashi daga Kano, Katsina, Sakkwato da Maiduguri sukan cika da matasa. Wani ɗan ci-rani ne da zai dawo kafin damina ta faɗi, wani kuma ya gama bautar ƙasa ya tattara takardunsa da niyyar zama. Tafiyar ba laifi ba ce. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama, kuma da yawa sun tafi da jaka ɗaya sun kafu. Amma in aka duba waɗanda suka dawo a jigace, ba kasafai rashin aiki kaɗai ke koro su ba. Abu biyu ne ke ƙarewa kafin aikin ya samu: guzuri, da haƙurin mai masauki. Kusan kowane kuskure da ke ƙasa ɗaya daga cikin biyun nan yake ci.

Lissafin guzuri da naira maimakon kwanaki

"Ina da dubu ɗari biyu" ba lissafi ba ne. Abin tambaya shi ne kwana nawa za su riƙe ka. Ka kira wanda ke zaune a unguwar da za ka sauka, ka tambaye shi farashin wannan watan, domin tun cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 duk farashin da yayanka ya faɗa maka kafin nan ya zama tarihi. Ka tambayi abinci sau biyu a rana, kuɗin mota zuwa da dawowa, sai ƙananan abubuwan da a gida kyauta ne amma a can ana biya: ruwan wanka, shiga banɗaki, cajin waya.

A ce duka sun tashi naira 5,000 a rana. A ce kuɗin mota zuwa 40,000 ne, dawowa ma haka. Dubu ɗari biyunka sun koma 120,000, wato kwana 24. Wannan shi ne guzurinka na gaskiya. Mai neman aikin ƙarfi, irin dako ko leburanci, zai iya tafiya da kwana 30, saboda ana biyansa kullum. Mai neman aikin takarda kada ya tashi da ƙasa da kwana 90: daga miƙa takarda zuwa ganawa zuwa kira makonni ne, kuma ko an ɗauke shi sai ƙarshen wata zai ga albashin farko, alhali kullum yana biyan mota.

Kuɗin dawowa kuma a raba su da sauran tun kafin a tashi. A bar su wurin mahaifiya ko wani amini, ko a asusun da ba ka riƙe da katinsa. Kuɗin da ke cikin waya ɗaya da na abinci, abinci ne zai cinye su.

Kuma kada a sayar da gona don guzuri. In dole ne a taɓa ta, a ba da ita haya na damina ɗaya. Rago ko buhun hatsi ana mayar da su. Gona ba ta dawowa.

"Ka zo kawai"

Wannan maganar ta jefa mutane da yawa a kwanan tasha. Abokin da ya faɗe ta galibi ba ƙarya yake yi ba, kunya ce ta hana shi cewa su shida ne a ɗaki, ko a shagon maigidansa yake kwana. Hoton da yake sakawa a Facebook kuwa, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kafin ka sayi tikiti ka yi masa tambaya huɗu, ba kunya: wa ke biyan hayar ɗakin, mutum nawa ke kwana ciki, mai gidan ya yarda a ƙara mutum, kuma kwana nawa zai iya riƙe ka. Ka nemi adadi. "Har ka samu" ba adadi ba ne, kuma a mako na uku za ka ga fuska ta fara canzawa. In ka sauka, fara sa hannu a kuɗin wuta, ruwa da abinci tun makon farko, ko yaya ƙanƙantarsa. Baƙon da ke cefane ya fi daɗewa.

Sannan kada masaukinka ya zama mutum ɗaya tal. Hausawa sun daɗe a Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12 da Alaba Rago, kuma a irin waɗannan wurare akwai Sarkin Hausawa, akwai limamai, akwai shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya. A kwanakin farko ka sa mai masaukinka ya kai ka ka gaishe su. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ranar da aka yi kame ko rigima ta tashi, wanda aka san fuskarsa ake zuwa beli.

Hawa saman tirela

Tsakanin Kano da Legas ya haura kilomita dubu. Ana hawa saman tirelar shanu ko ta albasa don araha, amma in motar ta kife a hanyar Mokwa zuwa Jebba babu abin da ke tsakaninka da kwalta. Ban da haka, tun kafa rundunar tsaro ta Amotekun a jihohin Yarbawa a 2020, ana yawan tare manyan motocin da aka ga mutane cunkushe cikin kaya, a sauke su, a tsare su ana bincike. Ka shiga mota a tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar ɗan'uwansa. Ka tsara tafiyar yadda za ka isa da rana. Wuƙa, ko ta yankan farce ce a sana'arka, a saya a can. Saƙon da ba ka ga cikinsa ba kada ka karɓa daga kowa, domin in jami'an NDLEA suka buɗe suka ga ƙwaya, mai riƙe da jaka suka sani.

Dogaro da acaɓa

Nan ne aka fi yin asara mai nauyi. Saurayi ya sayar da abin da ya mallaka ya sayi babur, ya ɗora shi a mota, ya sauka Legas bai san inda aka hana ba. Gwamnatin jihar ta hana acaɓa daga 1 ga Yuni 2022 a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. Daga 1 ga Satumba na shekarar ta ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. A lura: Mile 12 a Kosofe take, Idi-Araba kuma a Mushin. Manyan tituna da gadoji ma haramun ne ko a wajen waɗannan wuraren. Babur ɗin da aka kama ba tara ake biya a karɓo ba, murƙushe shi ake yi a bainar jama'a. Za ka ga wasu na yi a wuraren da aka hana, ka ɗauka dokar ta mutu. Ba ta mutu ba, ranarsu ce ba ta zo ba.

In acaɓar ce sana'arka, ka bar babur ɗin a gida ka fara zuwa kai kaɗai. Ka gano unguwannin da aka yarda, ka san nawa 'yan ƙungiya ke karɓa na tikiti kullum da kuma sau nawa, ka hau na wani kana ba shi balas na mako biyu ko uku. Sai ka cire mai, tikiti, balas da gyara, ka ga abin da ya rage. Wanda ya karɓi babur ko Keke Napep na biyan kaɗan-kaɗan ya tabbatar an rubuta wa zai ɗauki asara in an kama abin hawan, don galibi direba ake bari da bashin. Wanda ya karkata zuwa Abuja ma ya sani an hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006.

Talla a bakin titi da cikin cunkoson motoci ma doka ta hana a Legas, kuma jami'an da ake kira KAI suna kwashe kaya. Kada jarinka duka ya kasance a kan faranti ɗaya.

Saurin kama haya

Haya a Legas ta shekara ce, a biya gaba ɗaya. A kanta akwai la'adar dillali, wadda aka saba da kashi 10 cikin ɗari, da kuɗin rubuta yarjejeniya, shi ma wajen kashi 10, da kuɗin ajiya na ɓarna. A aikace dillalai kan nemi fiye da haka, musamman a ƙananan ɗakuna. Ɗakin da aka ce maka 400,000 ne zai iya kai ka 500,000 ko sama kafin a miƙa maka makulli. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, saboda haka mai neman shekara biyu ba dole ne ka bi shi ba.

Kuskuren ba tsadar ba ce kawai, kama ɗaki ne kafin a san inda aiki yake. Wanda ya biya shekara a Agege sannan ya samu aiki a Ibeju-Lekki, wajen matatar Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa, zai riƙa fita kafin asuba ya dawo bayan isha'i, kuma mota ta cinye albashin. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoba 2024 ya sauƙaƙa wa mai zuwa Ikeja, Oshodi, Yaba ko Oyingbo daga Agege, amma bai kai tsibiri ba. Masana'antu da yawa ma ba a cikin Legas suke ba, suna Agbara, Ota da Sagamu a jihar Ogun. Aiki tukuna, sannan ɗaki kusa da shi.

In lokacin kamawa ya yi, kada ka biya ko sisi kafin ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka ga mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, ka tambayi 'yan hayar da ke ciki ko shi ne ke karɓar kuɗi. Macuta kan karɓi kuɗin hayar ɗaki ɗaya daga mutum biyar. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniya, ka karɓi rasit. Ka dubi bango daga ƙasa: in ka ga layin danshi ya kai gwiwa, gidan na shan ruwa a Yuni da Yuli. Wanda ya duba ɗaki a Janairu ba zai ga wannan a tsakar gida ba, sai a bango.

Takardu da mai tsaya maka

Katin NIN, layin waya da aka yi wa rajista da sunanka, asusun banki mai BVN, hotunan fasfo kamar takwas. Mai karatu ya ƙara da takardun makaranta da shaidar NYSC, ya ɗauki hotonsu ya ajiye a imel, na asalin kuma kada ya bar su hannun kowane mai ɗaukar aiki. Direba ya sabunta lasisinsa tun a gida.

Abin da aka fi mantawa shi ne mai tsayawa. Gadi, tuƙi, tsaron shago, riƙe na'urar POS, kusan duka sai an kawo mutum ɗaya ko biyu masu adireshi a Legas da za su sa hannu cewa sun san ka. Ka nemi alkawarin wannan tun kana gida, don ba kowa ke yarda ba, kuma yana da gaskiya: in ka gudu da kaya shi za a kama. A takardar neman aiki kuma ka sa adireshin masaukinka na Legas. Mai tantancewa in ya ga Funtuwa ko Gusau yakan ɗauka ba za ka iya zuwa ganawa jibi ba, ya wuce.

Turancin buroka ya fi Turancin makaranta amfani a tasha da kasuwa. Gaisuwar Yarbanci da ƙirgen kuɗi ma ka koye su a makon farko.

Biyan kuɗi don a ba ka aiki

Aikin gaske ba ya fara da kuɗin fom, kuɗin rajista ko kuɗin gwajin lafiya da za a tura wa asusun wani mutum. Saƙon da ya gayyace ka ganawa alhali ba ka nema ba, babu sunan kamfani, babu bayanin aikin, yawanci ko taron sayar da magunguna ne da za a ce ka sayi kaya ka kawo mutane, ko abin da ya fi haka muni. Kamfanonin da ke samar wa wasu ma'aikata sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka tambaya. Duk ganawar da za ka je, ka tura wa mai masaukinka adireshin. Lambobin gaggawa na jihar 112 ne da 767. 'Yan mata da ake yi wa tayin aikin gida ta hannun wata "hajiya" su fi kowa kiyayewa: a san gidan, a san wa zai karɓi albashin, kuma wayar ta zauna a hannun yarinyar.

Don auna tayin albashi, mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yuli 2024, gwamnatin Legas kuma ta sa 85,000 ga ma'aikatanta. Ƙananan wurare da dama na biyan ƙasa da haka. Gadi mai ɗaki da wuta kyauta zai iya fin aikin da ya ninka shi albashi amma sai ka hau mota uku.

Rashin sa ranar komawa

Kunya ke sa mutum ya zauna bayan guzuri ya ƙare, ya fara cin bashi, ya sayar da waya, wadda ita ce hanyar da mai aiki zai kira shi. Haka nan aika kuɗi gida tun watan farko don a ce ya samu, alhali daga guzuri ya cira. Ka faɗa wa gida tun kafin ka tashi cewa wata uku na farko babu aike.

Ka sa iyaka da lamba: ranar da abin da ya rage maka ya zama abincin kwana bakwai, kuma babu wanda ya ce ka fara ranar kaza, ka karɓo kuɗin motar da ka ajiye. Mai aikin gini ya tuna aiki na ja baya a ruwan Yuni da Yuli. Mai dako a Mile 12 ya tuna motocin tumatirin rani na raguwa in damina ta kusa. Mai gona kuwa ya yanke shawara kafin ƙarshen Afrilu, don ya samu sharar gona da kai taki kafin ruwan shuka.