Kurakuran da ake yi wajen zaɓen firam ɗin keken mutum biyu

Na gaji da ganin samari suna sayo keke mai sirdi biyu don kawai fentinsa ya burge su, sannan su ɗora masa tanti da tukunya da jarkar ruwa su ce Marwa za su daga Garwa. Tafiyar ta fi kilomita 200, ku tsaya ku ji.

Babban kuskure shi ne sayen firam na alminiyam. Ni ma na taɓa yi, na kuma ji jiki. Ni da ƙanena muka tashi da asuba, kafin mu kai Figil firam ɗin ya tsage daidai inda bututun sirdin baya ya haɗu da na ƙasa. Mai walda na farko ya shafa wurin da yatsa ya ce, “Yallaɓai, wannan ba aikina ba ne.” Gaskiya ya faɗa. Alminiyam sai walda ta musamman mai iskar argon, kuma ko an liƙe shi, zafin yakan raunana wurin. A bayan mota muka dawo da keken, kuɗin da na tara ya tafi a banza. Ku sayi na ƙarfe! Ya fi nauyi, na sani, amma duk garin da ke da mai walda za a ɗinke muku shi ku ci gaba.

Na biyu, ba ku lissafa nauyi. Manya biyu, ga kaya, ga jarka mai lita 20 wadda ita kaɗai kilo 20 ce. Ƙafa mai waya 32 ba za ta ɗauka ba, ni ba na hawa sai mai 48. Kuma ku duba ko firam ɗin na da wurin ɗaura birki na uku a cibiyar ƙafar baya. Wanda ya taɓa gangarowa daga tudun Ngawundere ya san dalili: robar birki na ta gugar rim har ya yi zafin da ba ya taɓuwa, tiyub ya fashe.

Taya ku tsaya kan inci 26, ita ake samu wajen masu faci. Firam marar ramukan ɗaura kariyar ɗora kaya, ku bar wa mai shi. Kafin ku biya, wanda zai zauna a baya ya hau ya taka feda, a ga ko gwiwarsa na bugun kan keken.